Yadda Mai Hidima Zai Keɓe Kansa Gaban Allah Ba Tare da Ya Yi Watsi da Jama'arsa Ba

Tun daga ranar 15 ga Afrilu, 2023, da yaƙi ya ɓarke a Khartum, aikin fasto da mai bishara da dattijon ikkilisiya da shugabar zumuntar mata ya sauya kama a ƙasar nan ta Sudan. Mutumin da a da aikinsa wa'azi ne da ziyarar marasa lafiya da ɗaurin aure, yau shi ne mai rubuta sunayen waɗanda za a raba wa dawa da man girki, shi ne mai nema wa iyalin da suka sauko daga mota da ƙullin kayansu wurin kwana, shi ne kuma wanda ake bugo wa waya da tsakar dare ana tambayar ko ya ji ɗuriyar wane da aka baro a Umdurman. Da Wad Madani ta faɗi a watan Disamba na wannan shekarar, wani ayarin ya sake kwararowa Sinnar da Gadarif da Kasala da Bur Sudan, harabar majami'u da makarantu suka cika maƙil. Masu hidima da ke jin Hausa kuwa nauyinsu ya fi haka, domin galibin Hausawan Sudan, daga Maiwurno har unguwannin Gadarif, Musulmi ne, 'yan ƙalilan da ke bin Almasihu kuma, ko 'yan ƙasa ne ko waɗanda aiki da karatu suka kawo daga Najeriya da Nijar da Cadi, sau da yawa mutum ɗaya suke da shi da zai ji kukansu da harshen da suka tashi da shi.

Na san cewa a irin wannan hali, idan aka ce wa mai hidima ya janye jikinsa ya zauna shiru shi kaɗai, zai ji kamar ana koya masa son kai ne. Ni kuwa na tabbata keɓewa tana cikin aikin da aka ɗora masa hannu dominsa, kuma ba za ta samu don kanta ba, sai ya shirya ta da gangan, da sanin iyalinsa da yardar dattawansa. Rijiyar da ake jefa wa guga tun safe har dare ba hutawa, ƙarshenta laka take ba mutane, alhali da an bar ta ta kwana da ta tara ruwa garau. Alamun ba ɓoyayyu ba ne: wa'azin da ake maimaitawa ana sauya masa ayoyi, addu'ar da ta zama kalmomin da baki ya saba, faɗa da matar gida a kan abin da bai kai ya kawo ba, da jin haushin duk wanda ya yi sallama a ƙofa tun kafin a san abin da ya kawo shi.

Kafin a yi maganar lokaci da wuri, dole ne mai hidima ya fara gamsar da zuciyarsa, domin wanda yake ganin keɓewa satar lokacin jama'a ce ba zai kai mako biyu yana yin ta ba. A duba Markus 1:35 zuwa 38. Bayan wata rana mai yawan aiki a Kafarnahum, wadda dukan gari suka taru a ƙofar gida da marasa lafiyarsu, Yesu ya tashi tun da sauran duhu ya tafi wurin da ba kowa yana addu'a. Bitrus da abokansa suka bi sawunsa, suka same shi, suka gaya masa cewa kowa yana nemansa. Abin lura shi ne amsar da ya ba su: bai koma inda ake nemansa ba, sai ya ce su tafi garuruwan da ke gaba, gama dalilin zuwansa ke nan. Wato daga wannan zama ne ya fito da sanin abin da zai karɓa da abin da zai bari. Mai hidimar da ba ya keɓewa ba ya iya cewa a'a ga kowa, kuma a ƙarshe wanda ya fi ɗaga murya shi ne zai riƙa tsara masa ranarsa, marar lafiyar da ke kwance a lungu ba ta da mai faɗa mata kuwa a manta da ita.

Akwai kuma Markus sura 6, wadda ta fi kama da rayuwarmu. Masu zuwa da masu tafiya sun yi yawa har almajirai ba su samun damar cin abinci, sai Yesu ya ce su zo su tafi wurin da ba kowa su ɗan huta. Jama'a suka riga su isa a ƙafa. Bai kore su ba. Ya ji tausayinsu, ya koyar da su, ya ciyar da su. Amma da ya sallame su da yamma, sai ya hau dutse shi kaɗai domin addu'a. An katse masa keɓewar, ta jinkirta, amma bai soke ta ba. Wannan shi ne ma'aunin da nake ba duk mai hidima: ranar da rai ko mutuwa suka ƙwanƙwasa ƙofa, ka tashi ka amsa, sannan ka biya bashin lokacin kafin ka kwanta ko washegari.

Game da lokaci, asuba ce ta fi dacewa da yawancinmu, kuma zaman da muke yi cikin maƙwabta Musulmi ya sauƙaƙa mana wannan. Kiran assalatu yana tashe mu ko ba mu saka agogo ba, iska tana da ɗan sanyi ko a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, yara ba su farka ba, ba a kuma fara sallama ba. Ka fara da minti 20. Kada ka ɗauki alkawarin awa biyu a ranar farko, domin wanda ya fara da abin da ya fi ƙarfinsa yakan bari gaba ɗaya, kunya kuma ta hana shi sake farawa. Idan minti 20 suka zauna da gindinsu na wata guda, za ka ga da kanka suna neman ƙari. Sai dai asuba tana da farashi, kuma da dare ake biyansa: wanda ya kai ƙarfe ɗaya yana sauraron saƙonnin murya a WhatsApp, gyangyaɗi zai yi a kan Littafi Mai Tsarki. Wanda aikinsa ya hana shi asuba, kamar mai gadi ko ma'aikaciyar jinya mai kwana a asibiti, yana iya amfani da tsakar rana bayan azahar, lokacin da zafi ke korar kowa cikin inuwa, unguwa ta yi tsit.

Wuri shi ne ya fi wuya a yanzu, kuma ba zan yi kamar ban san haka ba. A gidan da iyalai uku ke kwana, maza a tsakar gida a kan gadajen igiya, mata da yara a ɗaki da rumfa, umarnin Matiyu 6:6 na shiga ɗaki a rufe ƙofa yana neman dabara. Ka nemi wuri ɗaya ka riƙe shi kullum, domin jiki yakan saba da wuri, ya natsu da zarar an zauna. Yana iya zama ɗan ɗakin da ake ajiye kujeru da ganguna a bayan majami'a, ko saman soro kafin rana ta fito, ko gindin dogon yaro a kusurwar haraba. Ka tanadi tabarma ko kujerar roba guda, ka juya fuska ga bango, ka ajiye butar ruwa da tocila saboda ɗaukewar wuta, da Littafi Mai Tsarki na takarda, da ɗan littafin rubutu da biro. Iyakarta ke nan. Ko a tsakiyar mutane ma, a ƙasar nan kowa ya san cewa ba a yi wa mai ibada magana sai ya idar. Idan mutanen gida da maƙwabta suka gane cewa zaman nan na tabarma ibada ce, za su girmama shi kamar yadda suke girmama mai salla.

Dole in yi gargaɗi a nan, domin lokacin da muke ciki ba na fita jeji ba ne. Kada son keɓewa ya kai ka bakin gada, ko kusa da sansanin soja ko tashar wuta, kana zaune kai kaɗai da littafin rubutu a hannu, domin wanda bai san ka ba zai iya ɗaukarka mai leƙen asiri. Kada ka shiga kango ko filin da aka yi ɗauki-ba-daɗi a cikinsa, saboda harsasai da bama-baman da ba su fashe ba suna nan a warwatse. Ka kiyaye dokar hana fita inda take, kuma kullum a samu mutum ɗaya da ya san inda kake da lokacin da za ka dawo.

Sai babban mataki, wanda mafi yawan masu hidima ke tsallakewa, shi ya sa ƙoƙarinsu ke rushewa: sanar da mutane. Mu mutane ne da muka tashi da cewa baƙonka annabinka, kuma zumunci a ƙafa yake. A wurinmu, wanda ya rufe ƙofa ana gida, ko dai ba shi da lafiya, ko yana fushi, ko girman kai ya kama shi. Idan ka fara keɓewa a ɓoye, cikin mako guda za a fara raɗe-raɗin cewa fasto ya canza. Saboda haka ka fara da matarka, domin ita ce za ta tsaya a bakin ƙofa tana ba mutane haƙuri, kuma bai dace a ɗora mata wannan ba tare da an nemi yardarta ba. Bayan ita, ka kai maganar zaman dattawa, ka faɗe ta a fili ba tare da kame-kame ba. Kana iya cewa: “Iyayena, ina roƙonku ku ba ni daga kiran assalatu zuwa fitowar rana kowace safiya, da kuma rabin yini guda a mako, in zauna gaban Ubangiji saboda ku da saboda kaina. Idan rashin lafiya mai tsanani ce ko rasuwa, a tashe ni. In ba haka ba, a sami Baba sakatare.” Dattijo mai hankali ba zai ƙi wannan ba, sau da yawa ma sai ka ji ɗayansu ya ce: “Ɗana, ai tuni muke ganin ka rame, mun rasa yadda za mu gaya maka ne.” A rubuta shi cikin littafin zama, a kuma sanar a sujada, domin abin da dattawa suka sanar ba ya zama abin tsegumi.

A koya wa mutanen gida amsar gaskiya. Kada a ce wa baƙo fasto ba ya nan alhali yana bayan ɗaki, domin ba a gina ibada a kan ƙarya, yara kuma suna ji. A ce masa: “Baba yana addu'a, zai fito da hantsi, ga kujera, bari a kawo shayi.” Baƙon da aka ba shayi da wurin zama bai ji an wulaƙanta shi ba.

Wayar hannu kuwa, a bar ta a wani wuri dabam, a hannun wanda aka wakilta. Na san hujjar da ake kawowa, cewa a cikinta Littafi Mai Tsarki yake, kuma ta nan ake jin labarin 'yan'uwa da shigowar kuɗin taimako ta Bankak, manhajar banki ta waya. Duk da haka, wanda ya buɗe waya don karanta Zabura, da wuya ya kai aya ta uku bai ga saƙon da zai ɗauke masa hankali ba. A watan Fabrairun 2024, da layukan waya da intanet suka ɗauke a sassa da yawa na ƙasar, mun sha wuya ƙwarai, amma ikkilisiya ba ta mutu ba. Rabin awa ba tare da waya ba ba zai kashe ta ba.

To, bayan an zauna, me za a yi? A nan ne nake so in daɗe, domin da yawa sukan samu lokaci da wuri, sannan su mayar da zaman wani ofishi. Abu na farko, kada ka yi komai na ɗan lokaci. Ka zauna daidai, ka sassauta kafaɗa, ka bar numfashi ya daidaita, ka tuna a gaban wa kake. Sannan ka ɗauki nassi gajere, Zabura ɗaya ko ayoyi goma daga Bishara, ka karanta a hankali da ƙaramar murya, ka sake karantawa, har sai wata kalma ko jimla ta tsaya maka a rai. Idan ta tsaya, ka dakata a kanta, ka yi bimbini, kada ka yi gaggawar wucewa. Zabura 62 da 131 da 46 suna da kyau ga mai farawa, haka ma Makoki 3:19 zuwa 33, wadda aka rubuta a kan birnin da aka rushe, mutanensa suka watse, kuma duk wanda ya baro gidansa a Khartum Bahri da makulli a aljihu zai ji ta har cikin ƙashinsa.

Jarabar mai wa'azi ita ce da zarar aya ta yi masa daɗi, sai ya fara raba ta kashi uku domin Lahadi mai zuwa, yana hango fuskar ɗan'uwan da ya kamata ya ji ta. Ka ƙi wannan da ƙarfi. Shirin wa'azi yana da nasa lokacin, kuma aiki ne mai daraja, amma a wannan zama kai ne ake yi wa magana. Ina ba da shawara ma a karanta littafin da ba shi ake wa'azi a kansa a wannan watan ba, domin a raba biyun sarai.

Tunani zai yi ta zuwa: kuɗin haya, maganin hawan jinin wata tsohuwa, wanda aka manta ba a sa sunansa a rabon abinci ba. Kada ka yi kokawa da su, kada kuma ka bi su. Ka rubuta kowanne da kalma biyu a gefen takarda, ka koma ga nassin. Hankali yakan saki abin da ya tabbata ba za a manta da shi ba. Bayan karatu da addu'ar baki, ka bar minti biyar ko goma ba ka cewa komai. Wannan ne ya fi wuya ga waɗanda sana'arsu magana ce, kuma mun saba auna addu'a da yawan kalmomi da ƙarfin murya. A majami'ar Faras ta tsohuwar Nuba, wadda masana daga Foland suka tono tsakanin 1961 da 1964 kafin ruwan madatsar Aswan ya rufe wurin, an sami zanen Hannatu, wadda al'adar ikkilisiya ta ce ita ce mahaifiyar Maryamu, ta ɗora yatsa a kan leɓenta. Zanen yana gidan tarihi a Warso, babban birnin Foland, yanzu. Masu bi da suka yi sujada a bakin kogin Nilu fiye da shekara dubu da suka wuce sun ga ya dace su riƙa ganin wannan a bangon majami'arsu.

Kafin ka tashi, ka ambaci sunayen mutanen da suka fi yi maka nauyi a zuciya ɗaya bayan ɗaya, ka miƙa su ga Makiyayin da ya fi ka sanin su, ka kuma yarda cewa akwai waɗanda ba za ka iya yi wa komai ba yau. Sannan ka rubuta layi biyu ko uku na abin da ka gani game da Allah ko game da kanka. Kada ka rubuta asirin da mutane suka gaya maka ko cikakkun sunayensu, domin littafi yakan faɗa hannun yara ko baƙi, ana kuma binciken takardu da wayoyi a shingayen hanya.

Ya kamata mai hidima ya san tun da wuri cewa shiru ba ya fara kawo salama. Abin da hayaniya ta danne shi ne ke fara tasowa: fushi da wani dattijo, kishin wata ikkilisiyar da ke samun taimako daga waje, tsoro, har da tambayar da ba ka taɓa furtawa ba, ko Allah yana ganin abin da ake yi wa ƙasar nan. Kada ka ɗauka keɓewar ce ta lalace. Labarin Iliya a 1 Sarakuna 19 yana da amfani ƙwarai a nan. Bayan nasarar Dutsen Karmel, barazanar Yezebel ta sa ya gudu har Biyer-sheba, ya shiga jeji tafiyar yini guda, ya roƙi mutuwa. Allah bai fara da tsawata masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya ba shi abinci da ruwa har sau biyu. Saboda haka idan ka zauna sai barci ya ɗauke ka kwana uku a jere, jikinka ne ke gaya maka gaskiya, kuma abin da ya kamata ka gyara shi ne lokacin kwanciyarka. Da Iliya ya isa Horeb, ya zazzage kukansa cewa shi kaɗai ya rage. Iska mai ƙarfi ta wuce, girgizar ƙasa ta wuce, wuta ta wuce, sannan ya ji murya 'yar siririya. Abin da aka gaya masa kuwa ya gyara lissafinsa: akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, kuma ya je ya keɓe Elisha ya gaje shi. Mai hidimar da ya fara jin cewa in ba shi ba komai zai tsaya, wannan gyaran yake bukata, kuma ba a cika jin sa a tsakiyar masu yabo ba.

Rabin yinin mako yana da nasa amfani dabam. Tunda Juma'a da Asabar ne ranakun hutu a Sudan, su ne kuma jama'a ke samun sukunin biki da ziyara da tarurruka, Lahadi kuwa ga sujada ga aiki, Litinin ko Talata da safe sun fi sauƙin karewa. A wannan zama ne ake duba makon da ya wuce a tsanake: wa na yi wa magana da zafi, wa na guje wa, wane aiki na riƙe da ya kamata wani ya yi. Shawarar da Yetro ya ba Musa a Fitowa 18, cewa ya naɗa shugabanni na dubu-dubu da ɗari-ɗari da hamsin-hamsin da goma-goma domin kada shi da jama'ar su gaji, da matakin da manzanni suka ɗauka a Ayyukan Manzanni 6 na zaɓar mutum bakwai su kula da rabon abincin gwauraye, duk suna nuna cewa ba za a sami lokacin addu'a ba sai an sauke wani kaya a kan wasu. Rabon kayan agaji musamman, ina ganin bai kamata ya zauna a hannun fasto shi kaɗai ba, domin yana cinye lokacinsa, yana kuma jawo masa zargi. Haka nan duk wata babbar shawara, kamar naɗa dattijo, ko horon wani, ko komawar jama'a garin da suka baro, a bar ta ta kwana. Yesu ya kwana yana addu'a a kan dutse kafin ya zaɓi sha biyun, in ji Luka 6:12 da 13, Nehemiya kuma ya zaga rusasshiyar garun Urushalima da dare bai gaya wa kowa abin da ke ransa ba tukuna.

Sau ɗaya ko biyu a shekara, in hanya ta yi kyau, yana da kyau a yi kwana biyu ko uku a gidan wani abokin hidima a wani gari, inda ba a san ka da matsayin mai raba komai ba. Wannan ba baƙon abu ba ne a kwarin Nilu. A Wadi Abu Dom da ke hamadar Bayuda, kimanin kilomita 15 daga kogi, har yau ana ganin kangon gidan ibada na Ghazali, inda masu bi na daular Makuriya ta tsohuwar Nuba suka zauna daga ƙarshen ƙarni na 7 zuwa na 13, suna addu'a da aikin hannu, suna ci tare. Antoniyos na Masar, wanda ya rasu a shekara ta 356 bayan doguwar rayuwa a hamada, ya bar keɓewarsa ya shiga Iskandariya a shekara ta 311 domin ƙarfafa waɗanda ake tsananta wa. Ba a kira mu mu bar iyali mu koma hamada ba, amma misalinsa ya nuna cewa wanda ya saba zama gaban Allah yakan san lokacin da ya kamata ya fito.

Akwai hatsari biyu da ya kamata a sa musu ido. Na farko, keɓewa tana iya zama maɓoya ga wanda ba ya son fuskantar mutumin da suka saɓa, ko wanda ya fara gajiya da mutane baki ɗaya. Gwajinta shi ne ko kana fitowa da haƙuri da sauƙin kai fiye da yadda ka shiga. Na biyu, kada duk abin da ya faɗo maka a rai cikin shiru ka fito da shi kana cewa Ubangiji ya ce. Ka auna shi da Maganar Allah, ka kai shi gaban dattawa ko wani amintaccen abokin hidima, musamman idan ya shafi kuɗi ko auren wani ko barin gari.

Wanda kuma ya ga kisa da idonsa, ko aka tsare shi, ko ya binne nasa a hanya, zaman shiru mai tsawo shi kaɗai yana iya dawo masa da abin kamar yanzu yake faruwa, zuciya ta riƙa bugawa, zufa ta karyo. Irin wannan ɗan'uwa ya gajarta zaman, ya bar idonsa a buɗe, ya karanta Zabura da murya, ko ya nemi wani ya zauna kusa da shi ba tare da hira ba. Idan rashin barci da firgita suka daɗe, ko ya fara jin rayuwa ta ishe shi, ya gaya wa wani a ranar, ya kuma ga likita; wannan ba raunin bangaskiya ba ne.

Duk abin da na faɗa ya shafi mata masu hidima, sai dai su hanyarsu ta fi tsauri, domin asubar da namiji ke samu ita ce lokacin da mace ke hura gawayi, tana ɗora shayi, tana layin ruwa. Shugabar zumuntar mata da malamar makarantar Lahadi da matar fasto ba za su sami ko minti 20 ba sai wani ya karɓe su. Saboda haka fasto da ya roƙi matarsa ta tsare masa ƙofa da asuba, wajibi ne shi ma ya riƙe yara da baƙi bayan la'asar ko bayan cin abincin dare, ta shiga wurin nan da tabarmar nan ita ma. Mata biyu maƙwabta suna iya yin karɓa-karɓa, wannan ta kula da yaran duka yau, waccan gobe. Dattawa kuma, ranar da suke rubuta lokacin fasto a littafin zama, su tambayi mai bishara da ke ƙauye da shugabar mata wace rana ce tasu, su kuma faɗi sunan wanda zai tsaya a madadin kowannensu a wannan rana.